Matakan Koyar da Ɗalibai Ɗaukar Tarihin Baka a Tamawa

Malamin zane ko wasan kwaikwayo a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, yana da masana a kusa da shi waɗanda ba sa shiga aji: dattawan Tamawa, Birchi da Kurfi. Ga yadda zai kai ɗalibansa gare su.

Mataki na farko, a ba kowane ɗalibi batu guda. "Tarihin Tamawa" ya yi faɗi. Farin 1973 ya isa aikin zango ɗaya, haka ma abin da madatsar ruwan Zobe ta sauya a noman yankin.

Na biyu, izini. A fara gaida mai gari, a faɗi abin da za a yi da muryar mutane, a karɓi amincewar kowa da bakinsa. Ɗalibai mata ne za su shiga wajen tsofaffin mata. A tambayi 'yan gari lafiyar hanya, a tafi da hantsi, a dawo kafin la'asar.

Na uku shi ne zuciyar aikin: sauraro. A ziyarar farko ni ba na son a fito da kyamara. Ɗalibi ya zauna ƙasa, ya gaisa sosai, ya bar dattijo ya ja zancensa. Idan ya yi shiru, kada a cike masa shirun, sau da yawa a bayansa maganar gaske take fitowa. Tsoho ba ya lissafi da shekarun Bature, don haka a kafa masa alama: "Baba, a lokacin an canza fam zuwa naira?" Wannan 1973 ke nan. "An ba Katsina jiha?" Wannan 1987. Sannan a ji bakin mutum biyu ko uku a kan abu ɗaya, kamar yadda Dokta Yusufu Bala Usman ya riƙa auna ruwayar baka da rubutattun takardu a bincikensa na tarihin Katsina.

Na huɗu, ɗauka. Wayar hannu ta wadatar, in dai an matso da ita kusa da baki, an kuma guje wa iska da ƙarar injin niƙa.

Na biyar, a rubuta maganar yadda aka faɗe ta. Kada a mai da Katsinanci Kananci.

Na shida, haɗa murya da hoto su zama ɗan gajeren fim, inda gwanintar malami take aiki. Abin da babu hotonsa, kamar rumbun da ya ƙare a shekarar fari, ɗalibi ya zana shi, a ɗora muryar dattijon a kai. Minti biyar ya isa, kuma kada kiɗa ya danne magana.

Na bakwai, kafin a ba da maki, a koma garin a nuna wa masu maganar. Abin da suka ce a cire, a cire. Kwafi ɗaya na iyalinsu ne, ɗaya na ɗakin karatun makaranta, da sunan gari da ranar ɗauka.