Madubi Mai Kwarmi da Mai Doro

Cokalin ƙarfe mai sheƙi ya isa ya nuna wa ɗalibi iri biyu na lanƙwasasshen madubi: cikinsa mai kwarmi ne, bayansa kuwa mai doro. Dukansu doka ɗaya suke bi da shimfiɗaɗɗen madubi, wato kusurwar da haske ya faɗo da ita, da ita yake komawa. Lanƙwasar ce kawai ke sauya inda hasken zai nufa.

Masana kan ɗauki irin wannan madubi tamkar ɓangare da aka yanko daga jikin ƙwallo. Idan layukan haske suka zo a jere daga nesa, kamar na rana, mai kwarmi yakan tara su wuri guda da ake kira matattara. Nisan matattara daga madubi rabin nisan cibiyar ƙwallon ne. In cibiyar tana santimita 40, matattara tana santimita 20.

Ana gano inda hoto zai bayyana da lissafin 1/u + 1/v = 1/f. A nan u nisan abu ne, v nisan hotonsa, f kuma nisan matattara. Kyandir da aka ajiye santimita 60 gaban wancan madubi zai ba da hoto a santimita 30, kansa a ƙasa, tsawonsa rabin na kyandir. In an matso da shi tsakanin matattara da madubi, sai hoton ya miƙe, ya kuma girma. Shi kuwa mai doro warwatsa haske yake yi, hotonsa kullum ƙarami ne a miƙe, amma yana nuna fili mai faɗi. Dalilin sa shi a gefen mota ke nan.

Sai dai kuskure kaɗan a lanƙwasa kan hana haske haɗuwa wuri guda. A 1990 Amurka ta harba na'urar hangen taurari ta Hubble, mai madubi faɗin mita 2.4. Bakin madubin ya kauce wa ƙa'ida da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin mutum ba, amma hotunan suka fito dishi-dishi. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka ɗora mata ƙananan madubai da suka gyara lamarin.

Aiki: ina hoton zai bayyana idan aka ajiye kyandir ɗin a santimita 40?