Yadda Ake Zaɓen Littafin Girki Don Kyautar Sallah ko Kirsimeti

A Amurka da Ingila, da zarar watan Satumba ya kama, kamfanonin buga littattafai sai su shiga sakin sababbin littattafan girki, domin sun san Kirsimeti na tafe kuma jama'a na neman abin da za su naɗe su kai wa 'yan'uwa. Mu ba mu saba da wannan ba. In Sallah ta zo, atamfa ce ko shadda ko turare, ko 'yan kuɗi a ambulan. Ina ganin lokaci ya yi da za mu ƙara littafin girki a wannan sahu, amma fa da sharaɗi ɗaya: ya zama littafin da za a dafa abin da ke cikinsa, da murhun da mai karɓa take da shi, da cefanen kasuwar da take zuwa. In ba haka ba, za a yi maka godiya, a jera shi a kabad kusa da kwanukan ado, shi ke nan.

Mataki na 1: Fara da madafinta

Kafin ka taka kantin littattafai, ka san da me take girki. Itace ne, gawayi, risho ko gas? Tana da obin, ko tukunya take zuba wa yashi ta gasa kek? Da yawa daga littattafan Turawa a kan obin aka gina su, wasu kuma sun ɗauka firji na aiki dare da rana. Sai harshe: 'yar'uwa a Maraɗi ko Damagaram ta fi sakewa da Faransanci, wadda ta yi nisa a karatun Larabci kuwa littafin Larabci zai faranta mata. Kada a manta da maza. Ɗalibin jami'a da mai yi wa ƙasa hidima da ya gaji da indomi, su ma suna cikin lissafi.

Mataki na 2: Daidaita littafi da mutum

Nan ne ake daɗewa.

In macen ta riga ta iya girki, hannunta ya faɗa, kada ka ba ta tarin girke-girke. Ba ta *Salt, Fat, Acid, Heat* na Samin Nosrat, wanda ya fito a 2017. Marubuciyar 'yar Amurka ce, iyayenta mutanen Iran. Kusan rabin littafin bayani ne a kan abu huɗu da suke riƙe da ɗanɗano: gishiri, maiƙo, tsami da wuta. Mai girkin da ta daɗe tana jefa tsamiya a kunu, tana matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, tana soya albasa a man shanu, za ta ga dalilin abin da hannunta ya saba yi. Shahararren girkin littafin shi ne kazar da ake jiƙawa a nono mai tsami da gishiri ta kwana kafin a gasa, nonon kuwa tsala ce, irin wadda Fillo ke kawowa kullum. Babu hotuna a cikinsa, zane ne na Wendy MacNaughton, kuma yana buƙatar mai son karatun Turanci.

In gida ne da ake ji da buɗa-baki da aikin naman layya, ban ga na biyun *Feast: Food of the Islamic World* ba. Anissa Helou, haifaffiyar Beirut, ta fitar da shi a 2018, da girki sama da 300 daga ƙasashen Musulmi, tun daga Senegal da Maroko har Indonesiya, ya kuma ci kyautar James Beard a 2019. Akwai babi guda a kan gurasa iri-iri, wani a kan shinkafa da hatsi, wani kuma a kan sarrafa dabba sukutum. Ba sai ka yi ta tsallake shafi don gudun alade ko giya ba. Ƙaton littafi ne mai nauyi, da tsada, don haka ya fi dacewa 'yan'uwa biyu ko uku su haɗa kuɗi su saya wa Hajiya.

In ɗa ne ko 'ya da ke zaune a Turai ko Amurka, kewar gida ta dame su, akwai biyu. *My Everyday Lagos* na Yewande Komolafe, mai rubuta wa jaridar New York Times girki, ya fito a 2023 da girki 75. *Chop Chop* na Ozoz Sokoh ya biyo baya a 2025, ita kuma ta yi ƙoƙarin taɓo kowane sashe na Najeriya. Amfaninsu shi ne an rubuta su don wanda ke nesa da kasuwar gida, da awo a fili. Ga wanda ke zaune a Kano kuwa, ƙofa ce ta koyon miyar mutanen kudu yadda masu ita suke yin ta. Masu neman tsohon hannu su duba wajen masu sayar da tsofaffin littattafai ko za su dace da *Nigerian Cookbook* na H. O. Anthonio da M. Isoun, na 1982.

Akwai wani da nake so ƙwarai, *The Fonio Cookbook* na Pierre Thiam, ɗan Senegal da ya yi suna a New York, wanda ya fito a 2019. Littafi ne sukutum a kan acca. Accar nan dai da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, da muke tuwo da kunu da fate da ita, shi ya ɗauke ta ya yi kwaɗo da kayan zaƙi da abin karin kumallo. Duk gidan da aka koma cin acca kuma aka fara gundura da tuwonta, wannan ne nasu. In maƙwabcinka Kirista ne daga Jos ko Kafanchan, zai yi wuya ka samu kyautar Kirsimeti da ta fi wannan shiga rai.

Don mai son girki mai sauƙi da labari, ga *In Bibi's Kitchen* na Hawa Hassan, 'yar asalin Somaliya, tare da Julia Turshen, na 2020. Tsofaffin mata ne daga ƙasashe takwas na gaɓar Tekun Indiya, irin su Kenya da Tanzaniya da Mozambik, kowace da tarihinta da girkinta. Kayan haɗin galibi shinkafa ne da wake da kwakwa da ayaba, abin da ba ya gagara a kasuwarmu.

Amarya mai son koyon biredi da kek da biskit za ta amfana da *Joy of Cooking*. Irma Rombauer ta fara buga shi da kuɗinta a 1931, kwafi 3,000, bayan rasuwar mijinta, bugun 2019 kuwa yana ɗauke da girki sama da 4,000. Sai dai a kula da abin da zan faɗa a mataki na 4. Shi kuwa *Mastering the Art of French Cooking* na Julia Child da abokan aikinta biyu, na 1961, duk da sunan da ya yi, ba na ba da shawararsa ga gidan Musulmi, saboda giya da naman alade suna cikin ginshiƙan girkinsa.

Wanda ya fi son karatu a kan tsayuwa gaban murhu, a ba shi *Longthroat Memoirs* na Yemisi Aribisala, wanda Cassava Republic ta buga a 2016, rubuce-rubuce ne a kan abincin Najeriya. Malami mai son tarihi kuwa, akwai littafin girkin Ibn Sayyar al-Warraq na Bagadaza a ƙarni na 10, wanda Nawal Nasrallah ta fassara zuwa Turanci a 2007 da sunan *Annals of the Caliphs' Kitchens*.

Mataki na 3: Gwada shi da girki uku

Ka riƙe littafin, ka buɗe wuri uku ba tare da zaɓe ba. A kowane girki, karanta jerin kayan haɗi ka tambayi kanka: nawa ne daga ciki za a samu a kasuwar da take cefane? In biyu daga cikin ukun za su dafu ba tare da an aika Abuja ko Legas ba, littafin ya ci jarrabawa.

Amma kada baƙon suna ya ruɗe ka, ka ajiye littafi mai kyau. Abin da suke kira molokhia lalo ne. Tahini niƙaƙƙen riɗi ne, tamarind tsamiya, ghee soyayyen man shanu, iru daddawa, grains of Selim kimba, hibiscus kuwa zoɓorodo. Da yawa daga abin da ake shiga kantuna na musamman a saya da tsada a Landan, a nan a faranti ake kasa shi a bakin hanya.

Mataki na 4: Duba halal

In mai karɓa Musulma ce, juya ƙarshen littafin inda aka jera sunayen abinci bisa haruffa, ka nemi waɗannan kalmomi: pork, bacon, ham, lard, wine, rum, gelatin. In sun cika shafi, ajiye shi. In jefi-jefi ne, ba laifi, sai ka sa alama da fensir ka rubuta madadi a gefe. Inda aka ce a zuba giya a miyar nama, romo da 'yar matsin lemon tsami sun wadatar. Inda aka ce kitsen alade, man shanu ko kitsen rago. Masu gashi su san cewa ruwan banila na ainihi da littattafan Amurka suke nufi yana da sinadarin barasa, aƙalla kashi 35 cikin 100 bisa ƙa'idarsu, don haka a nemi na gari ko wanda aka rubuta babu barasa a jikin kwalbarsa.

Mataki na 5: Warware matsalar awo

Wannan ne ya fi kashe wa mutane gwiwa. Mace ta bi littafi tiryan-tiryan, kek ya fito da tauri, ta ce littafin ƙarya ne, alhali awo ne ya saɓa. Kofi a littafin Amurka kusan mililita 240 ne. Gwangwanin madara da muke awo da shi bai kai haka ba, kusan kashi biyu cikin uku ne na wancan. Babban cokali mililita 15 ne, ƙarami 5, kuma a shafe ake nufi, ba a cika da tozo ba. Kofi ɗaya na fulawa giram 120 zuwa 125 ne. Littattafan Ingila galibi da giram suke magana, su sai da sikeli.

Zafin obin ma haka. In littafin Amurka ya ce 350, a ma'aunin da ke jikin yawancin obin ɗinmu 180 ke nan, 400 kuma 200.

Saboda haka, ka haɗa mata da jerin kofunan awo da cokulan awo, ko ɗan ƙaramin sikeli. Sannan ka rubuta waɗannan lissafe-lissafe a ɗan kati ka manna a cikin bangon farko.

Mataki na 6: Duba jikin littafin

Shimfiɗa shi a tebur ka gani ko zai zauna a buɗe, don mai hannu dumu-dumu da ƙullu ba ta da hannun danne shafi. Rubutun ya zama manya in dattijuwa za ka ba. In ka ga hotuna sun dusashe, takarda shara-shara, farashi kuma ya yi araha fiye da kima, bugun sata ne, ka bar shi. Kantuna irin su Rovingheights a Abuja da Legas suna sayar da littattafan marubutan Najeriya, mai zuwa Umara kuma ana iya ba shi saƙon na Larabci daga kantin Jarir.

Mataki na 7: Ƙara abin da babu a kanti

Duk littattafan nan da na lissafa, babu wanda zai koya wa 'yarka miyar kuka yadda kakarta take kaɗa ta, ko dambun zogale, ko funkaso da alkaki da dubulan irin na gidanku. Girkin Hausa a hannu da baki yake yawo, kuma duk tsohuwar da ta rasu ba a rubuta nata ba, da shi take tafiya. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Don haka ka sayi littafin rubutu mai kauri, mai bango mai ƙarfi, ka haɗa da wanda ka saya. Kada ka miƙa shi fayau. A samu wata a gidan ta zauna da Hajiya ko Inna ranar da za a yi waina ko miyar taushe, da kofunan awon nan a gefe. Tsohuwa za ta ce, "Ki zuba kanwa 'yar kaɗan." Kafin ta jefa, sai a ce, "Inna, tsaya in gani," a karɓa a auna a cokali, a rubuta. In ta damƙo daddawa, a ƙirga ƙwaya nawa. In ta ce a bar ƙullu ya tashi, a duba agogo, a kuma rubuta ko lokacin zafi ne ko na hunturu, don tashin ba ɗaya ba ne. A tambaye ta yadda take gane miya ta nuna, ko da ƙamshi ne ko da yadda mai ya taso sama, a rubuta da kalmominta. Girki biyar ma sun isa a fara. A sa sunan mai girkin da garinsu a saman kowane shafi, sauran shafukan a bar wa mai karɓa ta cika.

A bangon littafin da ka saya kuma, rubuta sunanta da shekara da addu'a gajeriya. In ka zaɓi girki ɗaya ka sa takarda a shafin, ka ƙulla kayan ƙamshinsa a 'yar leda, citta ce ko kanumfari ko masoro, ka sauƙaƙa mata farawa.

Mataki na 8: Kai shi da wuri

Ranar Sallah ba ranar gwada sabon girki ba ce. Tun asuba mata suna kan tukwane, yara na jiran a zuba su kai wa maƙwabta, babu mai sararin buɗe littafi. In don ƙaramar Sallah ne, kai shi a ƙarshen Sha'aban, ya yi mata amfani a buɗa-bakin azumi gaba ɗaya, kafin Sallah ta zo ta riga ta san girkin da ya karɓe ta. In don babbar Sallah ne, farkon Zulhajji, tun ba a yanka rago ba. Na Kirsimeti, makon farko na Disamba. In daga waje za a yi odarsa, a ba da tazarar wata guda ko fiye, a kuma tambayi kuɗin aikowa tun kafin a biya, don littafi mai nauyi irin *Feast* ko *Joy of Cooking* dakonsa kan ci kuɗi sosai.