Neman Gurbin Zaman Bincike a Jami'a: Tambayar da Ta Kayar da Ni

Ɗalibai da dama a wannan sashe namu sukan tare ni bayan lacca su tambaye ni yadda ake samun "sukolashif". Idan na saurare su sai in tarar abubuwa biyu suke cakuɗawa. Akwai tallafin karatu, wanda ake ba ɗalibi ya je ya yi digiri. Akwai kuma gurbin zaman bincike, wanda Turawa ke kira feloshif, kuma a kansa wannan maƙala za ta yi tsokaci. A wannan tsari ba digiri ake zuwa yi ba. Jami'a ce, ko wata cibiya a cikinta, take karɓar mai bincike ya tare a can na wata biyu ko uku ko shekara guda, ta ba shi masauki da katin laburare da kuɗin guzuri. Shi kuwa aikinsa ya zauna ya yi rubutu, ya kuma gabatar da bincikensa a gaban malaman wurin. Galibi masu digiri na uku ake nema, ko waɗanda suke dab da kammalawa, amma ɗalibin da ya san tsarin tun yana aji uku ya fi saurin shirya masa.

Manazarta harsunan Nijeriya sun amfana da irin waɗannan gurabe. Alal misali, Gidauniyar Leventis ta yi shekaru tana ɗaukar nauyin malaman jami'o'in ƙasar nan su yi wata uku a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, inda Graham Furniss da Philip Jaggar suka koyar da Hausa. Haka kuma a 2008 aka fara wani shiri da kuɗin Gidauniyar Carnegie ta Amurka domin malaman fannin harshe da adabi da tarihi daga Nijeriya da Ghana da Uganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya haɗa da zaman rubutu a wata cibiya ta wata ƙasar Afirka. Wannan shirin ya zo ƙarshe. Irin waɗannan shirye-shirye sukan buɗe su rufe, don haka a riƙa duba shafin ita jami'ar kanta, kada a dogara da saƙon da aka turo ta WhatsApp.

Karo na farko da na nema, a wata jami'a ta Turai, ban samu ba, kuma laifina ne. Batuna shi ne yadda matasan Hausawan Sabo a Ibadan suke aron kalmomin Yarbanci. Na yi wa tsarin binciken ado sosai. Na kawo littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo, na nuna cewa shi kasuwancin shanu da goro da siyasar unguwar ya duba, ba harshe ba. Daga nan sai na rubuta cewa a cikin wata ukun da zan yi a can zan yi hira da matasan, in naɗi maganarsu. Wani malamina da na nuna wa takardar bayan an ƙi ni, yana gama karantawa sai ya ce, "Malam, su matasan Sabon ma jirgi za a sa su su bi ka?" Ai kuwa kunya ta rufe ni.

Tambayar da kwamitin tantancewa yake neman amsarta ke nan: me ya sa sai a nan za ka yi wannan aiki? Kuɗin ɗaki da na abinci suke biya domin ka zauna tare da su, saboda haka dole takardarka ta nuna abin da ke wurin wanda babu shi a gida. Ɗauki mai nazarin rubutun ajami. Idan ya nemi zuwa Jami'ar Northwestern da ke Evanston a Amurka, hujjarsa a fili take, domin a Laburaren Herskovits ne aka ajiye takardun Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, takardu fiye da 3,000, mafi yawa da Larabci, wasu da Hausar ajami. Amma kada ya tsaya ga cewa "laburarenku babba ne". Ya ambaci tarin da sunansa, ya faɗi irin takardun da zai karanta da tambayar da yake son su amsa masa.

A nan akwai tarko. Kada ka kafa hujja da abin da kowa zai samu a wayarsa. Ni da farko na yi niyyar cewa ina bukatar ƙamusun Bargery na 1934 don in rarrabe tsofaffin kalmomin aro, irin su agogo da akawu da ashana, daga sababbin da matasa suke shigowa da su. To ƙamusun nan ya daɗe a intanet. Da na sake nema, sai na fara kammala naɗar maganar a Sabo, na rubuce ta, sannan na bayyana cewa abin da ya rage shi ne fiɗa da rubuta babi biyu. Na ambaci wata malama a sashen da take nazarin cuɗanyar harsuna, bayan na rubuta mata ta amsa cewa za ta duba aikin. Na jera abin da zan yi a kowane wata. A wannan karon aka ɗauke ni.

Wani abin lura shi ne masu karanta takardarka ba lalle su ji Hausa ba. Mai yiwuwa masanin tarihi ne ko masanin tattalin arziki. Duk misalin Hausa da ka kawo ka fassara shi, kuma sakin layi na farko ya faɗi tambayar binciken da kalmomin da kowa zai gane. Ka mayar da takardar PDF kafin ka aika, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya rikiɗewa su zama akwatuna a kwamfutar wani.

Sauran takardun sanannu ne: tarihin karatu da aiki, samfurin rubutunka, da wasiƙun shaida biyu ko uku. Wasiƙun nan su suka fi ɓata wa mutane tafiya, domin malamai suna da aiki, kuma wasiƙar da ta makara kan jawo a ajiye takardarka gefe. Ka sanar da malaminka aƙalla wata guda kafin ranar rufewa, ka ba shi tsarin binciken ya karanta, ka tuna masa cikin ladabi. Idan kana aiki, fara neman izinin tafiya daga shugaban sashe tun kafin sakamako ya fito, fasfonka kuma ya kasance da sauran wa'adi. Sannan ka karanta sharuɗɗan kuɗi da kyau, domin wasu wuraren su ke sayen tikitin jirgi, wasu kuwa kai za ka saya sai ka isa a mayar maka. Nawa irin na biyu ne, kuma sai da na ci bashi wurin yayana kafin na tashi.