Darasi Na 17: Tsohon Tankin Fetur A Cikin Ƙasa

A Batsari da Safana akwai gidajen mai. Fetur ɗin da ake zuba wa babur da mota ba a cikin famfo yake zaune ba. Yana cikin wani babban tankin ƙarfe da aka binne a ƙasa. Wani tankin yakan ci lita 30,000, wani ma ya fi haka.

In gidan mai ya daina aiki, tankin yana nan a binne. Yau da gobe sai tsatsa ta huda shi. Ragowar mai ya tsiyaya, ya bi ƙasa har ya kai ga rijiya. A cikin fetur akwai guba mai lalata jini. Ruwan da ya yi warin fetur, kada mutum ya sha, kada a ba dabba.

Ga babban abin lura. Ko an kwashe mai ƙaf, tururinsa yana nan a ciki. Tururin nan ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki da cikin rami. Ƙyastu ɗaya ya isa ya tashe shi. A watan Oktoba na 2024 motar fetur ta faɗi a Majiya, cikin Jihar Jigawa. Jama'a suka taru suna ɗibar mai, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Saboda haka tono tanki ba aikin gayya ba ne. Aikin gwanaye ne. Mai wurin zai fara sanad da hukumar NMDPRA, wadda aka kafa a 2021 don kula da gidajen mai, da kuma 'yan kwana-kwana. Ga yadda aikin ke tafiya:

1. A kewaye wurin, a kori yara, a hana shan taba da hura wuta.
2. A zuƙe ragowar mai, a wanke tankin, a kwashe ruwan wankin cikin mota.
3. A kori tururin, a auna da na'ura. Hanci ba ma'auni ba ne.
4. A tona a hankali, a kwance bututu, a ɗaga tankin da ƙugiya.
5. A kwashe ƙasar da ta sha mai, a cike ramin da yashi mai kyau.

In wani ya kawo muku irin wannan tanki da araha, kada ku zuba ruwan sha ko hatsi a ciki. Mai walda kuwa kada ya sa masa wuta, sai an wanke an auna. In kun ga 'yan gwangwan suna haƙa a tsohon gidan mai, ku gaya wa mai unguwa, shi kuma ya kai wa dagaci. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya rage a cikin tankin da aka kwashe mansa?
2. Don me ba a shan ruwan da ya yi warin fetur?
3. Wa za ku gaya wa in kun ga ana haƙa?

Ku rubuta sau 3: Tankin da ba mai ma yana fashewa.