Kafin ka ce "na saya": shawarwari ga mai neman mota ko Keke mai caji

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Shi ya sa magidanta a Kaya da Maradun da Bakura, musamman 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep, suka fara tambayar abin hawan da ba ya shan mai. Abin ba baƙo ba ne a yankinmu. A 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Kafin nan, a 2020, kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai caji da aka harhaɗa a Legas. Mota irin wannan ta masu hali ce, yawancinmu babur ko Keke za mu nema, amma cinikin duk hanyarsa ɗaya.

1. Ka fara da wuta, tun ba ka je wurin dillali ba. Batirin Kona babba yana cin yunit 64. Idan a soket ɗin gida za ka jona shi, sai ya fi kwana guda bai cika ba, in ma wutar ba ta ɗauke ba ke nan. To, ka tambayi kanka awa nawa wutar Kaduna Electric take yi a unguwarku. Wanda zai dogara da janareta ya koma wa fetur ɗin da ya gudu. Idan sola za ka haɗa, kuɗin farantai da inbata su shiga lissafin sayen tun farko, kada su zo maka a ba-zata bayan aljihu ya bushe. Babur da Keke sun fi sauƙi ta nan, don batirinsu ƙarami ne.

2. Batir kake saye, ƙarfe da fenti rakiya suka yi. Shi ne abu mafi tsada a jikin abin hawan, shi ne kuma ba a ganin lafiyarsa da ido. Nan ya kamata ka zauna da kyau.

Tambayi mai sayarwa: na litiyam ne ko na dalma? Na dalma ya fi araha, amma ya fi nauyi, ya fi saurin mutuwa, kuma zafin bazararmu, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ya raga masa. Sai ka tambayi garanti. Manyan kamfanoni kan ba batirin sabuwar mota shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Sai dai garantin da aka bayar a Sin ko Turai ba lallai ya biyo mota zuwa Gusau ba. A rubuta maka sunan wanda zai canza batirin a Najeriya, da garin da yake.

In ta hannu ce, 'yar Kwatano, a jona mata na'ura a gabanka ka ga kashi nawa ya rage na ƙarfin batirin. Dillalin da ya ce "Alhaji, ai sabuwa ce fil, ba sai an gwada ba", ka yi masa sallama. Kuma kada ka yarda da kilomitan da ke jikin takardar talla, an auna su ne a kan titi mai santsi. A cika batir, ka ɗauki mutane ko buhuna yadda ka saba, ka bi hanya mai gargada, ka kunna na'urar sanyaya in akwai, sannan ka duba abin da ya rage. Abin da kake so ka sani shi ne ko za ta kai ka Gusau ta dawo da kai gida ba tare da neman soket a hanya ba.

3. Kada ka taya sai ka ji farashi daga wuri uku: Gusau, Sakkwato, Kano. Waya ta wadatar. Mutumin da ya saba cinikin sa ranar Talata a kasuwar Mafara ya san ba a nuna wa mai kaya an ƙyasa, ya kuma san "albarka" ta farko ba ita ce ƙarshen magana ba. Idan mai kaya ya kafe a kan kuɗinsa, ka koma neman gyara: caja ta biyu, haɗa maka wurin caji a gida, kuɗin lamba, kai maka kaya har ƙofa. Sau da yawa waɗannan sun fi ragin dubu hamsin amfani. Ka duba bakin cajar ma, domin motocin Sin da na Turai ba baki ɗaya gare su ba. La'adar dillali kuwa a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya.

4. Rangwamen da na san yana rubuce shi ne na harajin VAT. A watan Oktoba na 2024 ministan kuɗi Wale Edun ya sanar da cire shi daga motoci masu amfani da lantarki. Harajin kashi 7.5 ne cikin ɗari, wato a motar naira miliyan 20 ana maganar miliyan ɗaya da rabi. Saboda haka ka nemi rasit mai bayani dalla-dalla. In ka ga VAT a ciki, ka tambayi dalili. In kuma mai sayarwa ya ce ya yafe maka harajin don mutunci, ka sani ba daga aljihunsa ya fito ba, ka ci gaba da neman naka ragin. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom don a sa sunanka a jerin masu samun motar gwamnati, ka riƙe kuɗinka.

5. Biya kaɗan-kaɗan yana da daɗin ji. Ka ɗauki biro ka tara kafin alƙalami da duk abin da za ka biya har ƙarshe, ka gwada da farashin kuɗi hannu. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya neman murabaha a bankuna irin su Jaiz da TAJ, inda banki zai sayi abin ya sayar maka da ribar da aka yanke. Ko can ɗin ka tambayi abin da zai faru in ka yi lattin wata biyu. Uwargida ta san da maganar, musamman idan adashinta ko awakinta za su shiga ciki.

6. Inshora iri biyu ce, kuma mutane da yawa ba su bambance su sai ranar tsautsayi. Ta dole, wadda 'yan sanda suka tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairu, 2025, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Tun Janairun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta sa kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3. Keke naira 5,000, babur 3,000. Ba ta biyan ko sisi in batirinka ya kama da wuta.

Cikakkiyar inshora ita ke ɗaukar asararka, kuɗinta kuma ba ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Kafin ka sa hannu a karanta maka: batir yana ciki? Gobara lokacin caji fa? Ruwa ya ci mota da damina? Sai tambayar da mutumin Maradun ba zai tsallake ba: idan 'yan bindiga suka ƙwace ta ko suka ƙone ta a hanya, za a biya? Takardu da yawa suna cire tarzoma da ta'addanci sai an ƙara kuɗi, don haka amsar ta zama a rubuce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gama-gari ba, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, a kamfanoni irin su Noor da Jaiz Takaful. Takardun bogi sun yi yawa, ka danna *565*11# a wayarka ka tabbatar an shigar da lambar motarka.

7. Wa zai gyara? Bakaniken da ya ƙware a injin fetur ba lallai ya iya wannan ba, kuma wutar batirin mota tana kisa. Ka san shagon da ake samun kayan gyara kafin ka biya.

8. Ranar biya ka je da shaidu biyu. Lambar shasi da ke jikin takardar kwastan ta yi daidai da ta jikin motar, lambar batir ta shiga rasit, kuɗi kuma ta banki zuwa asusun kamfani, ba na yaron shago ba. Maigida, in ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba, ka ɗaga cinikin zuwa wata Talatar.