Hukuncin Zanen Katun Da Ake Koya Wa Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wani abu ne da ke faruwa kullum a makarantun firamare, wanda kuma ya sha haɗa iyaye da malaman makaranta gardama. Malami yakan tsaya gaban allo da alli a hannu, ya zana da'ira, ya ce wannan kai ne. Ya zana siffar ƙwai a ƙarƙashinta, ya ce wannan gangar jiki ce. Ya ja layi huɗu su zama hannuwa da ƙafafu, ya ɗiga ɗigo biyu a cikin da'irar su zama idanu, ya lanƙwasa ɗan gajeren layi ya zama baki. In gefunan bakin sun ɗaga sama, ga mutum yana murmushi. In sun sauka ƙasa, ga shi yana baƙin ciki. In ya ɗora alwatika biyu a kan da'irar, ya ja 'yan layuka a gefen hanci, sai ta koma kyanwa. Yaro ya koma gida da littafinsa yana murna, uba ya duba, ransa ya ɓaci, domin ya taɓa ji a wajen wa'azi cewa masu yin surori suna daga cikin waɗanda za su fi kowa shan azaba ranar Alƙiyama. To, shin wannan malami da wannan yaro sun shiga cikin wancan narko ko kuwa?

Wannan hanya ta gina sura daga da'ira da murabba'i da alwatika ita ce ginshiƙin sana'ar masu zanen barkwanci, wanda yara ke kira katun. Ɓeran nan Mickey Mouse, wanda Walt Disney da abokin aikinsa Ub Iwerks suka fito da shi a Amurka cikin 1928, kansa da'ira ce babba, kunnuwansa ƙananan da'irori biyu. Dalilin haka kuwa shi ne fim yana gudana ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka dole a yi ta maimaita surar sau dubbai, hannuwa daban-daban kuma su fitar da ita iri ɗaya, da'ira kuwa ta fi kowace siffa sauƙin maimaitawa. Watau mai wannan zane ba ya neman ya kwaikwayi ɓera yadda Allah Ya halicce shi. Rage shi yake yi, har ya bar 'yan alamun da ido zai gane kurum. A riƙe wannan, domin za mu bukace shi a gaba.

Lalle uban nan bai yi ƙarya ba. Hadisan tsoratarwa sun inganta cikin Buhari da Muslim, cewa za a azabtar da masu yin surori, a ce su raya abin da suka ƙaga, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare ko sura. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin wani labule nata mai surori da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani fuskarsa ta sauya, ya cire shi, ita kuma ta yanka shi ta yi matashin kai da shi. Wani mai sana'ar yin surori ya je wa Abdullahi ɗan Abbas neman fatawa, ya gaya masa wannan narko har mutumin ya firgita, sa'an nan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Babu wani malami da ke musun waɗannan.

Tushen tsananin kuwa sananne ne. A cikin Suratu Nuhu, aya ta 23, Allah Ya ambaci gumaka biyar: Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Ɗan Abbas ya bayyana cewa sunayen waɗansu salihan bayi ne daga mutanen Annabi Nuhu. Da suka mutu aka kafa musu alamu a mazaunansu don tunawa, ba a bauta musu ba a farko, sai da wancan ƙarni ya shuɗe, ilmi ya gushe, sa'an nan jikoki suka mai da su abin bauta. Musulunci kuma ya sauka ne a kan mutanen da suka kewaye Ka'aba da gumaka 360. Ga dalili na biyu da hadisan suka ambata: mai sura yana gasa da halittar Allah.

Amma fa akwai waɗansu hadisan, su ma ingantattu, waɗanda masu wa'azi ba su cika kawo su ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Busru ɗan Sa'idu da Ubaidullahi Alhaulani sun je gai da sahabi Zaidu ɗan Halidu ba shi da lafiya, suka ga labule mai sura a ƙofarsa, alhali shi ne ya ba su hadisin mala'iku. Da Busru ya yi mamaki, sai Ubaidullahi ya tuna masa cewa ai a cikin hadisin an toge zanen da ke jikin tufa. Nana A'isha kuma tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Annabi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata rana iska ta ɗaga labule, Annabi ya hango su, a tsakiyarsu akwai doki mai fukafukai biyu na tsumma. Ya tambaye ta yaya doki da fukafukai, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Doki mai fukafukai, jama'a! Ashe wasan yara da surar abin da babu shi a duniya ba yau aka fara ba. Haka nan Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har lokacin buɗa baki.

Daga haɗa waɗannan da waɗancan ne malamai suka rabu. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya tafi a kan cewa yin surar mai rai haramun ne, ko tana da inuwa ko ba ta da ita, ko a bango ko a tufa ko a kuɗi. Wannan ita ce maganar mafi yawan Shafi'awa da Hanafawa da Hambalawa, a kanta kuma Shaihu Ibnu Baz na ƙasar Saudiyya, wanda ya rasu a 1999, ya yi ta ba da fatawa. Nawawi har ya kira ɗaya ra'ayin ɓatacce. Sai Hafizu Ibnu Hajar, mai sharhin Buhari, ya ce a wannan hukunci akwai abin dubawa, domin ya inganta cewa Alƙasim ɗan Muhammadu, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga manyan fakihai bakwai na Madina, an ga labule mai surori a gidansa. Alƙasim kuwa ɗan ɗan'uwan Nana A'isha ne, daga gare ta ya ɗauki ilmi, yana kuma cikin waɗanda suka ruwaito hadisin labulen nata. Da wuya a ce bai san abin da ya ruwaito ba.

Mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta mutanen ƙasarmu suka tashi, ta bi hanyar rarrabewa. Duk almajirin da ya kai ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya karanta cewa an karhanta surori a gadaje da bangaye da zobe, zanen jikin tufa kuwa ba ya ciki, ko da yake barinsa ya fi. Shaihu Ahmadu Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya ƙara fayyacewa a sharhinsa na Muhtasar, cikin babin walima. Abin da ya haramta shi ne surar mai rai, mutum ko dabba, wadda ke da jiki mai inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku ne. Ko da an yi ta da abin da ba ya daɗewa, kamar ɓawon kankana, bisa magana mafi rinjaye. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko a bango, makaruhi ce in an ajiye ta inda ake girmama ta. In kuwa a inda ake wulaƙanta ta ne, kamar shimfiɗar da ake takawa, to saɓa wa abin da ya fi ne kurum. Surar jirgi da itace da makamantansu halal ce. An kuma toge 'yan tsanan 'yan mata, yinsu da sayar da su, domin suna koya musu reno. Daga malaman zamani, Shaihu Yusuf Alƙardawi, wanda ya rasu a 2022, ya karkata ga halatta zanen da ba shi da inuwa matuƙar babu girmamawa ko alfasha a cikinsa.

To, a auna zanen ajin nan da wannan ma'auni. Ba shi da inuwa. An yi shi da alli, kafin a tashi an goge. Ko a littafin rubutu da zai ƙare a hannun mai ƙosai. Babu wanda ke girmama shi, babu kuma mai hankalin da zai ce da'ira da layi huɗu gasa ce da halittar Ubangiji. A mazhabarmu iyakar abin da za a ce makaruhi ne, sau da yawa ma bai kai nan ba, balle in an yi shi don koyar da karatu ko tsabta ko alwala. A ganina kuskure ne babba uba ya je makaranta ya kira malamin ɗansa ɗan wuta a kan mas'alar da Alƙasim da Dardir suka sauƙaƙa. Haka nan kuskure ne malami ya yi wa uban dariya ya kira shi baƙauye, alhali yana bin Nawawi ne. In uba ya nemi a ɗauke wa ɗansa zanen masu rai, a ɗauke masa, ba tare da an rage masa maki ba.

Wanda ke son fita daga saɓani ma ƙofa a buɗe take, kuma ba zai rasa komai na gwanintar ba. Da'irar da ta zama kai ita ce ke zama tayar mota, da rana, da faifai. Murabba'i da alwatika a kansa sun zama ɗaki, da'ira a kan sanda ta zama itace. In mutum ake bukata, ana iya barin da'irar fuskar fayau, ba ido ba hanci, a bar rawani ko gyale ko sanda su nuna ko wane ne. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya yi umurni a cire kan wani mutum-mutumi don ya koma kamar itace, daga nan malamai suka fahimci cewa kai shi ne jigon sura. Sai dai ɗan layin nan da waɗansu ke ja a wuyan hoto, su ce sun yanka shi, malamai da yawa sun ce ba ya sauya komai, tun da kan yana nan inda yake. Kakanninmu kuwa sun daɗe da sanin wannan ƙofa. Dubi zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, da dagi, da aska takwas a gaban riga, da adon bangayen gidajen Zariya da Kano: da'ira ce da murabba'i da alwatika aka sarrafa har suka ƙayatar, ba tare da an zana fuskar kowa ba.

Koyarwa da zane kanta sunna ce. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Annabi ya zana murabba'i, ya ja layi a tsakiyarsa har ya fita waje, ya ja waɗansu ƙananan layuka a gefen na tsakiyar. Ya bayyana musu cewa na tsakiyar shi ne mutum, murabba'in ajalinsa ne da ya kewaye shi, abin da ya fita waje burinsa ne, ƙananan layukan kuwa masifun da ke kai masa sara, in wannan ta kuskure shi waccan ta same shi. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa ya ja miƙaƙƙen layi ya ce hanyar Allah ke nan, ya ja waɗansu dama da hagu ya ce a kan kowace akwai shaiɗan yana kira. Wa'azin da zai ɗauki rabin yini, layuka kaɗan suka gama shi.

Inda babu saɓani ko kaɗan shi ne abin da aka nufa da zanen. Zanen barkwanci ya ginu ne a kan ƙara gishiri: a tsawaita hanci, a faɗaɗa kunne, a kumbura ciki. In yaro ya koyi wannan ya juya shi kan ɗan ajinsu mai ido ɗaya ko mai ɗingishi, ya faɗa cikin izgilin da Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana, ko da zanen nasa bai wuce layi uku ba. Zanen tsiraici haramun ne a takarda kamar yadda yake haramun a majigi. Zana Annabawa kuwa, ko da da nufin yabo, malaman Sunna na wannan zamani sun hana shi, balle da nufin ɓatanci. Ba mu manta da zanunnukan nan 12 da wata jaridar ƙasar Denmak ta buga a watan Satumba na 2005 ba, da rayukan da aka rasa a Maiduguri a watan Fabrairu na 2006, da waɗanda aka rasa a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 bayan wata mujallar Faransa ta sake yin irin wannan. Mai zanen ya yi laifi mai girma, waɗanda suka kashe maƙwabtansu da ba su san hawa ba balle sauka su ma sun ɗauki jini a wuyansu.

Saura abu ɗaya da ya kamata iyaye su lura da shi. Zanen yaro, in ya gama, kada a sa masa katako da gilashi a rataye shi a bangon ɗaki, balle a wajen alƙiblar mai salla, domin ratayewa ita ce girmamawar da ke mai da shi makaruhi ko a wajen masu sauƙaƙawa, kuma Annabi ya sa an kawar da wani labulen Nana A'isha don surorinsa suna gitta masa a cikin salla. A bar shi cikin littafi a rufe. Wallahu a'alamu.