Daga Dawanau Zuwa Ingila: Abin da Yaronka Zai Tarar a Ajin Firamare

Wannan bayani na iyayen da suka taso daga Dawanau da ƙauyukan Dawakin Tofa ne, waɗanda karatu ko aiki ya kai su Ingila da iyalinsu. Da zarar an sami muhalli, abin da zai sha kan maigida da uwargida shi ne makarantar yara. A lura, tsarin Ingila kaɗai ake magana a kai, don Sikotilan da Wales kowacce da nata.

Shekaru ke ba da aji

A gida ba abin mamaki ba ne a ga ɗan shekara tara a aji biyu, saboda allo ko gona sun riƙe shi. A Ingila ranar haihuwa ce ke yanke hukunci. Duk yaran da aka haifa tsakanin 1 ga Satumba da 31 ga Agusta ajinsu ɗaya. Ana shiga ajin share fage da shekara huɗu, karatu ya zama dole bayan an cika biyar, a gama aji shida da shekara goma sha ɗaya. Da wuya a maimaita wa yaro aji. Saboda haka ɗan shekara tara aji huɗu ko biyar za a kai shi, ko da bai iya gaisuwa da Turanci ba. Kada hankalinku ya tashi, malamai sun saba da baƙin yara.

A ofishin ƙaramar hukumar da kuke zaune ake neman gurbi, makarantar gwamnati kuma kyauta ce. Doka ta ƙayyade yara 30 a ajujuwan ƙanana, kuma malami ɗaya ne ke koyar da kusan dukkan darussa. Shi ne mutuminku na shekara guda, sai ku san shi, shi ma ya san ku.

Karatu da lissafi

Da sautin baƙaƙe ake fara koyar da karatu. Yaro ya san sautin kowane baƙi, sannan ya haɗa su su ba da kalma, kamar yadda ɗan makarantar allo ke bi ta babbaƙu kafin farfaru. A watan Yuni na aji ɗaya ana gwada kowane yaro da kalmomi 40. Rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, don a gane ko haɗa sauti yake yi ko haddace siffar kalma ya yi. Za ku riƙa ganin ɗan littafi a jakarsa tare da takardar sa hannu. Ku zaunar da shi ya karanta muku kullum. Uwar da Turancinta bai nuna ba ma za ta iya, ta ce ya ba ta labarin da Hausa.

A lissafi hadda tana da rana. A aji huɗu ana jarraba jadawalin sau har 12 sau 12 a kan kwamfuta, tambaya 25, kowacce daƙiƙa shida. Yaron da ya saba tilawa ba zai sha wuya ba. Inda yaranmu ke tuntuɓe shi ne in malama ta ce, to faɗa mana yadda ka samo amsar. A nan tarbiyyar kasuwa za ta yi amfani. Ka ba shi lissafin da ka sani: in buhun gero na cin tiya kaza, an sayar da rabi, saura nawa, kuma ta yaya ka gane? Daga nan ka juya masa zuwa kilo da giram da lita, ma'aunan da makaranta ke aiki da su, waɗanda masu fitar da riɗi a Dawanau ma da su suke awo.

Inda ɗan Dawanau ya riga su

Tun 1988 Ingila ke da manhaja ta ƙasa, wadda ake bi yanzu kuma ta fara aiki a 2014. Wanda ya duba sashen kimiyya zai ga rabin abin da ake nema yaronmu ya gan shi da idonsa. A aji biyu ana shuka iri a ɗan kofi a ga yadda ruwa da haske da ɗumi ke tsirar da shi. Shi kuwa ya ga gero ya tsiro bayan ruwan shuka, ya ga an ratsa wake a tsakanin kunya, ya ga jakuna suna kai taki gona da rani. A aji uku ana nazarin ƙasa da duwatsu, shi ya san jigawa daban, fadama daban. Aji huɗu wutar lantarki da yadda ruwa ke tashi ya zama girgije, aji biyar rana da wata da juyin dare da yini, aji shida zagayawar jini da ka'idar sauyin halittu. Wannan na ƙarshe gara ku san da zuwansa, ku tattauna da yaro a gida.

Abin da ya rage masa sunayen Turanci ne kawai. Matsalar ita ce yaro baƙo yakan ɗauka abin da ya sani a ƙauye ba ilimi ba ne, sai ya ja bakinsa. Aikinku ne ku nuna masa ilimi ne, ku kuma gaya wa malamarsa.

Makarantu da yawa sukan ɗauki jigo ɗaya su ratsa darussa da shi. In jigon abinci ne, a labarin ƙasa za a bi hanyoyin ciniki, a lissafi a zana jadawalin farashi, a darasin ƙira da girki a dafa wani abu, a Turanci a rubuta rahoto. Yaron da zai iya cewa zoɓon garinsu ana loda shi a tirela zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai shi Meziko, ya riƙe darasin tun daga tushe. A tarihi kuma, bayan Rumawa da Masar ta dā, dole makaranta ta zaɓi ɗaya cikin uku: Bagadaza ta wajen shekarar 900, ko daular Benin daga 900 zuwa 1300, ko mutanen Maya. Ku tambayi wanda makarantarku ta ɗauka, ku ƙara masa da labarin ganuwar Kano da rinin Ƙofar Mata.

Akwai kuma kwamfuta tun daga shekara biyar, da zane, da kiɗa, da harshen waje daga aji uku, galibi Faransanci. Iyo ma darasi ne, ana son kowane yaro ya iya mita 25 kafin ya gama. Mai son 'yarsa ta sa kayan iyo masu rufe jiki ya yi magana tun kafin ranar.

Addini da tarbiyya

Ana koyar da darasin addinai, inda yaro zai ji bayanin Kiristanci da Musulunci da Yahudanci da sauransu. Iyaye na da haƙƙin cire ɗansu daga wannan darasi da kuma addu'ar taron safe. Tun 2020 darasin zamantakewa da iyali ya zama dole, ba a cire yaro daga cikinsa, amma ana iya cire shi daga darasin jima'i in makarantar tana yi. Kada ku dogara da jita-jitar WhatsApp. Ku je ku ce a nuna muku littattafan, matambayi ba ya ɓata.

An hana bulala a makarantun gwamnati tun 1987, kuma tabon duka a jikin yaro na iya jawo muku binciken hukuma. Ba a fitar da na ɗaya da na biyu a aji. Rahoto zai nuna ko yaro ya kai matakin da ake so ga sa'o'insa, ko ya wuce, ko da saura. Yaron da ya sunkuyar da kai don ladabi, malama na iya zaton bai gane ba, don haka ku koya masa ɗaga hannu da yin tambaya. Babbar jarrabawa ita ce SATs a watan Mayu na aji shida. Abincin rana kyauta ne daga share fage zuwa aji biyu, sai ku tambaya ko akwai na halal.

Abin da ya rage a wuyanku

Makaranta ba za ta koyar da Alƙur'ani ba, ba za ta koyar da Hausa ba. Na farko sai Islamiyyar yamma ko ta ƙarshen mako a masallacin unguwa. Na biyu sai gida. Wasu iyaye kan daina Hausa da yara wai don Turanci ya zauna, alhali Turanci zai zo da kansa daga aji da filin wasa, Hausar ce ke zubewa.

Zuwa gida kuma a daidaita shi da hutu. Tun Agustan 2024 tarar ɗauke yaro ba izini fam 80 ce a kan kowane yaro, uwa daban uba daban, ta koma 160 in an wuce kwana 21 ba a biya ba. Dogon hutu daga ƙarshen Yuli ne zuwa farkon Satumba, tsakiyar damina ke nan. Ku kai shi gona wurin kakansa, ku zaga da shi layin 'yan riɗi da na 'yan wake, ku sa shi ya rubuta abin da ya gani da Hausa da Turanci, ya kai wa sabon malaminsa a makon farko.